Murhun Baƙi na Zangon Ɗorawa

Zangon Ɗorawa, ta Kwali
Fabrairu

Zuwa ga Hadijatu, jikar Badaru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, kunnen hagu ya daina aiki, sauran jiki alhamdu lillahi.

Ba ki san ni ba. Ni ne Yamusa. Ni da kakanki Badaru, Allah ya jiƙansa, 'ya'yan wa da ƙane ne. Shi aka kai makaranta Zariya, ni aka bar ni da awaki. Na taɓa ganinki ranar sunanki, kina ta tsala ihu, ban ga abin da zai sa in biya sadaki ba. Yanzu gwaggonki Hafsah ta ce kina aiki a ofishin da ke kula da tsofaffin wurare, to na dawo da maganar aure.

Ban yi boko ba. Maƙwabcina Zacharias tela ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Friday direba zai kai miki tashar Utako, shi kuma za ki ba amsa. Kada ki neme ni a waya. Ba na ji, kuma abin da aka faɗa a waya ba ya da shaida.

Ga abin da ya kawo ni. A bakin titin Lakwaja, inda ake lodin doya, akwai duwatsu uku manya. Murhun Baƙi ake ce musu. Da su garin nan ya fara. Kakan kakanmu Madugu Uthman yana saukowa da kanwa daga arewa, ya koma da goro. A lokacin Gwarawa suna saman dutse, bayan ganuwarsu, don masu hari sun dame su. Duk ayarin da suka hango a ƙasa ba su san ko fatake ne ko masu kamen mutane ba. Sai sarkinsu da Madugu suka yi alkawari. Aka kafa murhu a fili, daidai inda ake hangowa daga sama. Wanda ya hura wuta a nan, baƙo ne, ba mai taɓa shi ko kayansa. Wanda ya ɓuya a daji ya hura tasa, shi ya sani. Idan matan dutse suka ga hayaƙi sai su sauko da tukwane da doya, a yi ciniki. Daga haka aka yi rumfa, daga rumfa aka yi gari.

Ƙa'idar biyu ce. Ɗan gari ba ya girki a kai, ko da yunwa za ta kashe shi. Baƙo kuma ba ya zuwa ya tarar babu itace. Kawo itacen a gidanmu yake tun Madugu, yanzu a hannuna. Ɗana guda da ya rage yana Kurudu yana sayar da siminti, ya ce zamanin gas ne.

Ɗorawar da aka sa wa garin suna ta faɗi tun ina da ƙarfi. Rijiyar Madugu an cike ta da shara. Barikin Bature awaki ke kwana a ciki. Ganuwa ta zama tudu, sai wanda ya sani. Murhun nan kaɗai ke aiki har gobe. Matan Binuwai masu sayen doya, direbobin da mota ta lalace musu, Fulani masu wucewa, duk suna ɗora tukunya.

To wani mai kuɗi ya sayi filin zai yi filaza, wato ginin shaguna. Igiyar da suka ja ta bi ta tsakiyar murhun. Na tsinke ta, sun sake ja. Mai unguwa ya ce in yi haƙuri. Haƙurin ba nawa ba ne da zan bayar.

Ki duba abin da ofishinku zai iya.

Kakanki,
Yamusa

Ni Zacharias na ƙara: Baba bai faɗa ba, ya buga ma mai awon filin sanda a ƙafa. An riga an ba da haƙuri.

*

Abuja
Fabrairu

Kaka Yamusa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, Friday ya ƙi miƙa min sai da na faɗi sunan kakana. Muna lafiya, yara biyu ne. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Maganar aure kuwa, ango mai dukan mutane da sanda sai na yi shawara.

Gwaggo ta zuzuta ni. Ƙaramar ma'aikaciya ce ni, tebur ɗaya muke rabawa mu biyu. Kuma kunya ta kama ni, shekarata shida a Abuja ban taɓa taka Zangon Ɗorawa ba. Kaka Badaru yakan ambaci murhun, mun ɗauka irin labarin tsofaffi ne.

Akwai hanya ɗaya. Idan aka shigar da wurin cikin jerin wuraren tarihi, ba wanda zai yi gini a kansa. Na nuna wa oganmu, ya ce in buɗe fayil. Kwamiti zai zauna kafin Ista. Ina bukatar ka gaya min: duwatsun nan su ne na asali? An taɓa gusar da su? Idan abin ya gagara, za ka yarda a ɗauke su a kawo gidan ajiye kayan tarihi, inda ba abin da zai same su?

A gaida Malam Zacharias, ina godiya da rubutu.

Jikarka,
Hadijatu

*

Zangon Ɗorawa
Maris

Hadijatu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai zafi. An fara sharar gona.

A ɗauke su a kai ina? Ke kin taɓa ganin an kai murhu ɗakin da ake kunna sanyi? Ba za su gusa ko taƙi ɗaya ba. Nan Madugu ya kafa su, nan ake hango hayaƙi daga dutse. Ba kowa a saman yanzu, Gwarawan sun sauko gindi tun zamanin Bature, amma wannan bai canja alkawari ba.

Biyu na asali ne. Na gabas ya tsage shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, ni da babana muka gangaro wani daga rafi muka sa. Wata ɗaya ya yi baƙi kamar 'yan'uwansa.

Masu filaza sun juye yashi. Ki yi duk abin da za ki yi, ni dai kada a taɓa wurin.

Yamusa

*

Abuja
Maris

Kaka,

Ina fatan kuna lafiya. Ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi, ya warke.

Labari mai daɗi da marar daɗi. Kwamiti ya yarda a shigar da murhun, kuma an rubuta wa mai filaza ya janye gininsa baya. Maganar dutsen gabas ban saka a fayil ba, mutanen nan tsoho suke so.

Amma a karanta maka wannan a hankali, a kunnen dama. Duk wurin da aka shigar, za a kewaye shi da ƙarfe, a sa allo, kuma ba za a sake amfani da shi ba. Ma'ana ba za a ƙara hura wuta a kai ba. Na yi gardama, na ce ai wutar ita ce tarihin. Suka ce wuta na lalata dutse, kuma ba su da tsarin wurin tarihi da ake dafa doya a ciki. Ko dai a karɓa da wannan sharaɗi, ko a rufe fayil ɗin, filaza ta ci gaba.

Ni ba zan yanke maka ba. Idan ba ka yarda ba, ka aiko kafin ƙarshen wata in janye. Idan na ji shiru, zan ɗauka ka amince, tunda ka ce in yi duk abin da zan yi.

Hadijatu

*

Abuja
Afrilu

Kaka,

Gaisuwa. Shiru har yau. Na kira lambar Malam Zacharias ba ta shiga. Friday ya rantse ya ba ka hannu da hannu, ya ce lafiyarka ƙalau, har ka sa wasiƙar a hula. Don haka na bar fayil ya wuce. Ma'aikata za su zo bayan salla. Ni ba a sa ni cikin masu zuwa ba.

Hadijatu

*

Zangon Ɗorawa
Mayu

Hadijatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka.

Wasiƙunki biyu jiya aka karanta min su. Yayan Zacharias ya rasu, shi Zacharias ya tafi garinsu can bayan Kafancan, bai dawo ba sai shekaranjiya. Ɗan mai unguwa ya ce in kawo ya karanta min, amma shi ne dillalin filin, ba zan ba shi maganar gidanmu ba. Sai na ajiye su ƙarƙashin matashi. Na ce abin da jikar Badaru za ta rubuto ai ba zai wuce alheri ba.

To ga abin da aka yi, tunda ba ki zo ba.

Ma'aikatan sun iso da mota biyu. Na yi murna, na sa aka kawo musu kunu. Na ɗauka rumfa za su yi wa wurin saboda damina. Da farko suka kwashe tokar. Tokar nan ba a taɓa kwashe ta duka ba, sai dai a rage sama, ta ƙasan ta yi tauri kamar daɓe. Da diga suka fasa ta. Na tambaya, suka ce tsafta. Sannan suka kawo garin sabulu da burushin ƙarfe suka wanke duwatsun. Yini guda suna gurza. Baƙin ya ƙi fita, sai babbansu ya ce manya za su zo buɗewa, ba za a nuna musu abu haka ba. Aka aika Kwali aka sayo farin fenti.

Yanzu suna nan fari fat, su uku, kamar haƙoran roba. An kewaye su da ƙarfe kore, an sa allo. Zacharias ya karanta min allon. An rubuta sunan Madugu daidai, wannan na yaba. Ranar buɗewa aka yi jawabi da Turanci, aka ɗauke ni hoto, aka ba ni hular rana da makulli, aka ce ni ne mai kula. Na ce to yaushe za a mayar da itacen ciki? Suka yi dariya, sun ɗauka raha nake.

Mai filaza ya janye gininsa, wannan gaskiya ne. Duwatsun ba su gusa ko taƙi ɗaya ba, wannan ma gaskiya ne. Abin da na roƙa an yi min.

Amma shirun wanda bai iya karatu ba, a ofishinku amincewa ake kiransa?

Yamusa

Ni Zacharias: Madam ki yi haƙuri, garinmu babu sabis. Da na sani da na dawo da wuri. Baba yana zuwa wurin kowace safe, yana zauna a waje.

*

Abuja
Mayu

Kaka,

Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya.

Fentin ban san da shi ba, sai a hoto na gani. Ba ya cikin takarda, kuma bai kamata ba. Na faɗa wa oga, ya ce ai ya yi kyau.

Sauran kuwa ba zan ɗauka duka ba. Na rubuta, na sake rubutawa, na kira. Kai ka ce kada a neme ka a waya, kai ka zaɓi mutum ɗaya tak da zai karanta maka a gari guda. Kuskurena shi ne ban shiga motar Friday na zo da kaina ba. Wannan na yarda.

Da ka amsa a kan lokaci ma, me za ka zaɓa? Da yanzu shagon sayar da waya ne a wurin.

Roƙona ɗaya. Makulli yana hannunka, na kuma fara sanin halinka. Don Allah kada ka hura wuta a ciki. Idan aka kai rahoto, za a cire wurin daga jeri, mai filaza kuwa yana jira. Sunana ne a kan fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ni za a fara kira.

Hadijatu

*

Abuja
Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa. Wata biyu ba amsa. Friday ya ce kana nan, Malam Zacharias ma yana nan, ya kuma ce an karanta maka. Wannan karon ba zan fassara shirunka ba. Ina jira.

Hadijatu

*

Zangon Ɗorawa
Satumba

Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da yara da ubansu kuna lafiya. Na yi mura, ta wuce. Sabuwar doya ta fito, gari ya cika da motoci.

Ban amsa ba don ban da abin faɗa. Kin tambayi me zan zaɓa, na yi ta juyawa damina guda ban samu ba.

Itacen na mayar da shi zaure don kada ya jiƙe. Baƙi sukan zo su leƙa ta ƙarfe su wuce. 'Yan makaranta sun zo sau ɗaya da malaminsu, ya gaya musu wai nan ake yanka wa dodo. Na gyara masa, bai ji daɗi ba.

Ran Talata da la'asar wata babbar mota ta lalace a bakin titi. Cikin masu kayan akwai Prudence, 'yar Binuwai, ta fi shekara goma tana sayen doya a nan, duk zuwanta a murhun take girki. Ta sauko da tukunyarta a ka, ta zo ta tsaya gaban ƙarfen. Ta dubi farin, ta dube ni.

Ta ce, "Baba, wane ne ya mutu?"

Na ce ba kowa.

Ta ce, "To wannan ba kabari ba? Ina murhu ya tafi?"

Na ce gwamnati ta ɗaukaka shi.

Ta ce, "Oho. Ya samu promoshan. To mu fa, ina za mu dafa? Tun jiya biredi muke ci, Baba, cikina ya zama katifa."

Makullin yana aljihuna. Har na kama shi. Ba zan ɓoye miki ba, ba gwamnati na tuna ba, ba mai filaza ba. Na tuna kin ce ke za a fara kira.

Sai na ce da direbansu ya ari baron Zacharias ya biyo ni rafi. Na nuna masa inda muka ɗauko na gabas ni da babana, irinsu suna nan da yawa. Muka zaɓi uku. Zacharias ya bar ɗinki ya taya turawa, yana ta mita wai bayansa. Filin da ke gefen ƙarfen na mai filaza ne, don haka muka tsallaka titi. Ƙofar gidana akwai ɗan lambun kuɓewa. Na sa aka tuge kuɓewar, aka girka su a nan. Na fito da itace. Prudence ta hura.

Ni na ce ba za a gusa ko taƙi ɗaya ba, na sani, ba sai kin tuna min ba. Ina zaune ina kallon hayaƙin, raina bai kwanta ba, don ban san ko daga nan ana hangowa ba.

Washegari da hantsi sai ga Clara mai tukwane daga unguwar Gwarawa ta gindin dutse. Ta girme ni ma, da ƙyar take tafiya, rabonta da bakin titi tun bara. Ga ƙaramar tukunya a kafaɗa. Ta ajiye, ta zauna tana haki.

Ta ce, "Yamusa, na ga hayaƙi. Ina baƙin?"

Na ce sun gyara mota sun tafi tun safe, kin makara.

Ta ce, "To kai saya mana, ba zan koma da shi ba."

Na saya. Ta tsuga min kuɗi kuwa.

Daga ranar an ɗora tukunya sau da yawa. Duwatsun sun fara duhu.

Makullin na ba Friday ya kawo miki tare da wannan. Ba fushi ba ne. Idan ya zauna a aljihuna, wata rana zan buɗe. Waɗancan ukun ku riƙe, an rubuta su, ba mai taɓa su, na gode. Sabbin kada ki buɗe musu fayil.

Itacen da na tara zai kai ƙarshen kaka. Bayan nan sai abin da gwiwa ta ce.

Yamusa

Ni Zacharias: Madam, kuɓewan da aka cire, rabi nawa ne. Ban ce komai ba.

*

Abuja
Satumba

Kaka,

Gaisuwa. Muna lafiya. Wasiƙa da makulli sun iso. Na karanta a tasha, a tsaye, har Friday ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Makullin yana durowar teburina. Ba wanda zai ji labarin sabbin daga bakina.

Ran Asabar zan zo, ni da yaran. Zan taho da tukunya da shinkafa. Ban taɓa kwana a garin ba, ban san hanyar rafi ba, ko gidanka sai an nuna min. Ina ganin na cika sharaɗin baƙuwa. Ka ba ni izini in ɗora tukunya a sabon murhun, ko sau ɗaya.

A gaya wa Malam Zacharias zan zo masa da irin kuɓewa.

Hadijatu

*

Zangon Ɗorawa
Alhamis

Hadijatu,

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo ku lafiya.

Ki bar tukunyarki a gida. Jikar Badaru ba ta girki a Murhun Baƙi, ko a tsohon ko a sabon. Na gaya miki ƙa'idar tun wasiƙar farko, ke da kika yi boko ki koma ki duba.

Idan kun iso Kwali, ki sa Friday ya tsaya wajen matan da ke bayan tasha. Ki sayi itace dami biyu. Ki ƙwanƙwasa ki ji, kada su ga gyalenki su haɗa ki da ɗanye. Ki sa takalmin da ba kya jin tausayinsa, zan nuna miki inda ake jerawa da yadda ake rufewa don ruwa.

Maganar ba ki taɓa kwana ba, an share ɗakin Badaru.

Kakanki,
Yamusa